Daga Kaulaha zuwa Gore: wunin da bai kamata maziyarci ya yi wa rowa ba

Duk shekara idan watan Maulidi ya kama, akan samu mutanen Funtuwa da Malumfashi da Bakori cikin ayarin 'yan Tijjaniyya masu tafiya Senegal, zuwa Madina Baye, unguwar da Shehu Ibrahim Inyass ya kafa a Kaulaha a 1930. Da yawa sukan ratsa ta Dakar, su yi ziyara, su juyo gida da turare da yadi da hotuna. Kaɗan ne ke ware wuni ɗaya su tsallaka Gore, ɗan tsibirin da ke fuskantar tashar jiragen ruwan Dakar. Wannan wuni ya cancanci a sa shi cikin lissafin guzuri tun daga gida, musamman ga wanda ya fito daga ƙasar auduga.

Zuwansa ba wuya. Jirgin fito yana kai mutum cikin kusan minti 20. Tsawon tsibirin bai kai kilomita ɗaya ba, kuma mota ba ta yawo a lungunansa, don haka da ƙafa ake gama shi kafin la'asar. Turawan Fotugal sun iso shi a 1444, daga baya ya yi ta sauya hannu tsakanin Holan da Ingila da Faransa. A 1978 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da ya fi jan mutane shi ne Gidan Bayi, ginin ƙarshen ƙarni na 18: sama ɗakunan masu gida, ƙasa ƙuntatattun ɗakuna masu duhu, sai wata ƙofa da ke buɗewa kai tsaye ga teku. An mai da shi gidan tarihi a 1962, Boubacar Joseph Ndiaye ya riƙe shi har rasuwarsa a 2009. Paparoma John Paul na Biyu ya tsaya a bakin ƙofar nan a 1992, Barack Obama a 2013.

Mai ja da wannan shawara yana da hujja. Masana tarihi irin su Philip Curtin sun nuna cewa bayin da aka fitar ta Gore ba su kai yawan da aka daɗe ana faɗa wa baƙi ba. Hausawan da aka ƙetare teku da su kuwa, akasari ta Legas da Badagiri da Wida aka bi da su, har suka shiga tarihin Bahiya ta Brazil, inda aka bankaɗo shirin tawayen Hausawa a 1807, sannan bayi Musulmi suka yi bore cikin Ramadan na 1835. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai gani ya kori ji. Wanda ya tsaya cikin ɗakin da aka kulle mutane ana jiran mai saye ya san abin da adadi a takarda ba zai sanar da shi ba, kuma maziyarcin Kaulaha ya riga ya biya kuɗin hanyar da ta kawo shi bakin wurin.

Ga manomin Funtuwa akwai ƙarin dalili. Bayin da aka kai Amurka su suka noma audugar da ta ciyar da masaƙun Lankasha na Ingila. Da yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya datse wannan auduga, masu masaƙu suka gane haɗarin dogaro da gona ɗaya. A 1902 suka kafa ƙungiyar BCGA a Manchesta domin neman auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka. Ita ce ta kafa injin gurza a Funtuwa, kuma layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa garin yana kwasar dilolin. Audugar da kakannin yankin suka tsinta an neme ta ne domin rage dogaro da audugar wancan gefen teku, inda a da bayi ke tsintarta.

Amma darasin da ya fi nauyi na gida ne. Abu ne mai sauƙi mutum ya zubar da hawaye a Gore saboda zaluncin Bature, ya manta cewa ƙasar Hausa ta yi nata rinjojin, ƙauyukan bayi masu noma wa sarakuna da attajirai hatsi da auduga. Harshen ya adana shaidar: bacucane, wanda aka haifa cikin bauta, murgu, kuɗin da bawa ke biyan ubangijinsa domin ya yi aikin kansa, fansa, abin da ake bayarwa a karɓo 'yanci. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta waɗanda za a haifa daga shekarar, amma sai a 1936 aka soke bauta ɗungurungum a Arewa. Ga shi har yau ana tona asalin mutum idan maganar aure ta taso.

Kalmar fansa kuwa ta dawo bakin mutane. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume an sha cinikin ran mutum ta waya, manomi kuma ya biya 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa, abin da bai da wani suna da ya fi murgu dacewa da shi. Mutumin da ke rayuwa cikin wannan hali ba baƙo ba ne a Gidan Bayi.

Saboda haka ya kamata masu shirya tafiyar Kaulaha su sa Gore cikin jadawali, su nemi jagoran da zai fassara bayani da Hausa, malamin ayari kuma ya yi wa mutanensa magana a wurin game da haramcin sayar da ɗa mai 'yanci. Akwai tsohon masallacin dutse a tsibirin, inda za a yi azahar. Jirgin yamma zai mai da kowa Dakar, wanda ya ga ɗakunan nan kuma zai koma Funtuwa da tsarabar da ta fi turare daɗewa a gida.