A Hutar da Hantsar Saniya Kafin Ta Haihu

Jama'a makiyayan fadamar Haɗeja, daga Auyo har Guri, akwai wata al'ada da na ke so mu bari, watau tatsar saniya mai ciki har ta kai gab da haihuwa.

Na san dalili. Tun da aka datse ruwa a Tiga cikin 1974, aka ƙara da Challawa cikin 1992, ambaliya ta ragu, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Makiyaya ta ƙuntata, nono ya yi tsada, kowa na jin asara ne ya bar ko da ludayi guda. To, amma a dubi yadda hantsa ta ke.

Cikinta 'yan jakunkuna ne birjik, bangon kowace kuwa ƙwayoyin halitta ne jere, waɗanda ido ba ya gani. Akwai wani abu mai kama da danƙo, masana na ce masa kadarin, shi ke manne ƙwaya da 'yar'uwarta. Wani kuma, intagirin, shi ke kafe ta bisa shimfiɗar da ta ke zaune. Abin mamaki, wannan kafewa ita ce kunnen ƙwayar. Lokacin haihuwa jiki ya kan aiko da sinadarin furolaktin cikin jini, ya ce a yi nono, amma ƙwayar da ba ta kafu ba, ba ta jin kiran. Cikin 2005 masana a Jami'ar Mancesta ta Ingila suka raba hantsar ɓeraye da intagirin, sai jakunkunan suka kāsa ginuwa sosai, nono ya ƙi zuwa yadda ya kamata.

Wannan gini kuwa a ƙarshen ciki saniya ke sabunta shi, tsofaffin ƙwayoyi su kau, sababbi su kafu. Wanda ya yi ta tatsa a lokacin ya hana magini aiki, kuma shi zai ga ragin nono bayan haihuwa. Maraƙi ma dakashinsa ya yi rauni.

Saboda haka saniya wata tara ta ke ɗauka, in ta cika bakwai a ɗauke mata ƙwarya. A taimake ta da harawa da dusa, a raba ta da kwana cikin taɓo, gama nan ciwon hantsa ke shiga. In kuwa aka ji nonon wata ya yi gishiri-gishiri, alama ce mannin ya ɓalle, gishirin jini na yoyo ciki. A nemi malamin dabbobi tun hantsa ba ta taurare ba.