Jan layi a ƙarƙashin ?? ba hukunci ba ne

A shekarar 2020 harshen JavaScript ya samu sabuwar alamar sharaɗi, wato `??`. Aikinta shi ne, idan abin da ke hagunta babu shi kwata-kwata, wato null ko undefined, sai ta ɗauki na dama. Tsohuwar alamar `||` kuwa ko sifiri ta gani sai ta ɗauka babu komai. A shafin saye da sayarwa, `kudinKai || 500` zai caje mai saye 500 ko da an ce kai kaya kyauta ne. Da `??` sifirin yana nan a matsayinsa.

Matsalar tana wajen edita, manhajar da ake rubuta kod a cikinta. Editar da ba a sabunta ba ba ta san alamar ba, sai ta ja mata jan layi kamar kuskure. Matashin da ke koyo a waya, ba malami a kusa, yakan yarda da jan layin, ya goge abin da yake daidai ya koma wa `||`. Edita ta koya masa kuskure ke nan.

Ba a buƙatar dogon jira. TypeScript 3.7 ya karɓi alamar tun Nuwamban 2019, VS Code ma ya bi sahu kafin a tabbatar da ita a ƙa'idar ES2020. Masu ƙera editocin waya su ma haƙƙi ne a kansu su riƙa sabunta sashen da ke tantance kod, domin da yawa daga masu amfani da su ba su da kwamfuta.

Sai dai shirun edita ma ba shaida ba ne. Chrome bai fara gane `??` ba sai a siga ta 80, a Fabrairun 2020. Burauzar da ta girmi wannan takan ƙi karanta fayil ɗin gaba ɗaya saboda alama guda, shafi ya tsaya cak a tsohuwar waya. Maganin hakan shi ne Babel, wanda ke mayar da sabon kod zuwa tsohon salo.

Don haka mai koyo ya sabunta editarsa, ya gwada kod ɗinsa a burauza ko Node 14 zuwa sama, sannan ya aro tsohuwar waya ya sake gwadawa kafin ya miƙa aiki.