Aiki daga gida: wa zai riƙe miki jaririn?

Makon jiya wata ƙawata mai koyar da darasin gudanarwa a wata kwaleji ta roƙe ni in yi wa ɗalibanta magana. Tambayar da ta ba su ita ce: in kun zama shugabannin ma'aikata, wa za ku bari ya yi aiki daga gida, wa kuma dole ya zo ofis? Daga aikin dare na fito, ido duk barci, amma na je.

Kusan duk ajin bakinsu ɗaya: a bar masu shayarwa a gida, a tausaya musu. Sai na tambaye su, wa ya taɓa rubuta rahoto jariri na kan cinya, yayansa na jan zani, ga tukunya a wuta? Aka yi tsit. Ke kin san amsar. Muddin aka gan ki a gida, kowa zai ɗauka kina hutu ne, har baƙi.

Ba wai tsarin ba shi da amfani ba. Tun Disambar 2021 Kaduna ta koma kwana huɗu a mako, mu dai 'yan asibiti ba a sa da mu ba. Da aka cire tallafin mai a 2023, Kwara da Edo suka rage zuwa ofis zuwa kwana uku. Kuɗin mota ya ragu, babu musu. Amma data fa? Cajin waya in babu wuta fa? Duk sun koma aljihunki.

Abin da na ce wa ɗaliban shi ne, aikin ake dubawa, ba mai aikin ba. Allura, awon ciki da karɓar haihuwa sai da hannu. Kiran masu cikin da suka tsallake ranar awo kuwa, ko haɗa rahoton wata, ina iya yinsu a tsakar gida.

In oganki ya yi miki tayin zama gida, kada ki yi saurin godiya. Ki tambayi wa zai biya data, da ƙarfe nawa za a daina kiranki. Ki kuma riƙe rana ɗaya ko biyu da za a riƙa ganin fuskarki a ofis, domin ranar rabon kwas da ƙarin girma, wadda ake gani ake fara tunawa.