Na'urar Gano Ƙarya Ba Ta Isa Ta Raba Aure Ba

Kwanakin baya a wata majalisar shayi da ke Sainte-Rita, nan Kwatano, gardama ta kaure tsakanin 'yan kasuwarmu a kan na'urar da ake cewa tana gane maƙaryaci. Wani yaro mai sayar da wayoyi ne ya ta da zancen, da ya nuna wata manhaja wadda ake ɗora yatsa a kan gilashin waya, a yi wa mutum tambaya, sai ta nuna ja ko kore. Nan take wani magidanci da ya yi wata huɗu bai leƙa gida ba ya ce idan ya koma sai ya gwada ta a kan iyalinsa. Jama'a suka yi dariya, amma mu abin bai ba mu dariya ba, domin mun san gidajen da zato ya rusa.

Mu fatake ne. Daga Dantokpa zuwa Seme, daga Malanville zuwa Gaya da Maraɗi da Jibiya, rabin rayuwarmu a hanya take. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma lokacin da aka rufe gadar Malanville bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da yawanmu sun daɗe ba su ga iyalansu ba. Nisa kuwa gona ce ta masu gulma. Wani ya bugo waya ya ce ya ga kaza, shi ke nan barci ya ƙaurace wa mutum. A irin wannan hali, duk wanda ya zo da abin da zai ce e ko a'a, sai a karɓe shi hannu bibbiyu.

To, bari mu fara da ta wayar. Wannan abin wasan yara ne, sakamakonta kuwa kamar jefa kwabo sama ne. Ita na'urar ta ainihi wani ɗan sanda mai suna John Larson ne ya haɗa ta a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1921. Ana ɗaura wa mutum wayoyi a ƙirji da damtse da yatsu, sai ta riƙa auna numfashi da bugun zuciya da hawan jini da gumi yayin da ake yi masa tambayoyi. Ke nan abin da take aunawa shi ne tashin hankali. Ƙarya ba ta da wani gumi nata na daban, kuma mai riƙe da na'urar ne yake fassara layukan da ta zana.

Kowanenmu ya san wannan a jikinsa. Sau nawa muka tsaya gaban kwastan a Seme, takardunmu cikakku, kayanmu na halal, amma zuciya tana dukan uku-uku? Sau nawa kuma muka ga gogaggen ɗan fasa-ƙwauri yana raha da su ko gezau? Da za a ɗaura mana na'urar a wurin, mai gaskiya za ta kama, ta sallami ɓarawo. Yanzu a duba matar da mijinta ya zaunar da ita a gaban baƙo, aka yi mata tambayar da ko a gaban uwarta ba za ta iya ji ba. Kunya da fushi da tsoron saki kaɗai sun isa su sa ta jiƙe da gumi.

Su kansu masu abin ba su yarda da shi ba. A 1988 Amurka ta yi dokar da ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu gwada ma'aikatansu da na'urar. A 1998 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da hana karɓar sakamakonta a kotunan soja, saboda masana ba su haɗu a kan ingancinta ba. A 2003 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoto cewa na'urar ta fi canki-canka, amma tana nesa da rashin kuskure. Aldrich Ames, jami'in leƙen asirin da ya riƙa sayar wa Tarayyar Sobiyet sirrin ƙasarsa, ya tsallake gwajin a 1986 da 1991, sai a 1994 aka kama shi. Gary Ridgway ya tsallake a 1984, amma a 2003 ya amsa laifin kashe mata 48.

A Ingila kuwa, tashar ITV ta yi shekaru tana nuna shirin Jeremy Kyle, inda ake gwada masoya da na'urar don a gano mai cin amana. A Mayun 2019 wani mutum mai shekara 63 da na'urar ta ce ƙarya yake yi ya kashe kansa kimanin mako guda bayan ɗaukar shirin, aka soke shirin baki ɗaya. Binciken da aka kammala a 2024 bai ɗora wa shirin alhakin mutuwar ba, amma ya isa ishara ga mai hankali.

Mu mutanen lissafi ne. A ƙaddara na'urar tana dacewa sau tara cikin goma. Idan aka gwada mata ɗari da ba su aikata komai ba, goma za a shafa wa baƙin fenti, su da 'ya'yansu. Wane ɗan kasuwa ne zai yarda da sikelin da ke cutarsa a kowane buhu na goma? To, ina ga mutuncin uwar 'ya'ya?

Wasu za su ce ai ko tsoron na'urar yakan sa mai laifi ya yi iƙirari. Haka ne, amma tsoro yakan sa marar laifi ma ya amsa abin da bai yi ba don a ƙyale shi. Addininmu ya riga ya toshe wannan ƙofa. Suratun Nur ta shar'anta shaidu huɗu, da bulala 80 ga mai ƙazafi. Mijin da ya zargi matarsa ba shi da shaidu, hanyarsa ita ce li'ani a gaban alƙali: ya rantse sau huɗu, a na biyar ya kira wa kansa la'ana, ita ma ta rantse, sannan a raba su har abada. An tsananta haka ne don kada a yi wasa da zargi. Ko hukuncin da aka yanke wa Amina Lawal a Bakori a 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Katsina ta soke shi a Satumban 2003 saboda hujjar ba ta cika sharuɗɗa ba. Abin da alƙalai suka yi taka-tsantsan a kansa, gilashin waya ne zai yanke?

Shawararmu ga 'yan uwa ita ce, mu rage tsawon zaman da muke yi a waje, mu riƙa aika kuɗin cefane a kan lokaci, mu daina ba magulmata kunne. Idan zargi ya shiga, a zauna da iyali a yi magana, in ta ƙi a kira waliyyai ko liman ko Sarkin Zango. Haka su ma matan da ke zargin mazansu da ajiye wata a Kwatano. Kuma kafin ɗayanmu ya ɗora yatsan matarsa a kan waya, ya tambayi kansa ko zai yarda a ɗora nasa. Hausawa dai sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin.