RA'AYINMU: Ba a Cinikin Biri a Sama

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai wata zamba da ta yaɗu a intanet, wadda ya wajaba mu ja kunnenku a kanta. Akan nuna wa mutum hoton kwikwiyo ko kyanwa ko aku, a ce kyauta ne, kuɗin jirgi kaɗai zai biya. Da ya biya sai a ce saura na keji, sannan na inshora. Dabba kuwa ba ta zuwa, domin dama babu ita.

Jirgin sama ba ya ɗaukar dabba da garaje. Ƙa'idojin ƙungiyar IATA sun tanadi keji mai iska, wanda dabbar za ta iya tsayuwa, ta juya, ta kwanta a ciki. Ƙasashe kuma sukan nemi takardar likitan dabbobi da shaidar rigakafin ciwon haukan kare. Aku kuwa, tun 2017 yarjejeniyar CITES ta haramta fataucin wanda aka kamo daga daji zuwa wata ƙasa.

Saboda haka, kada ku biya ko sisi sai kun ga dabbar da idonku, kun kuma tuntuɓi kamfanin jirgin da kanku. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne. Allah ya tsare mu.