Sujada Ba Watanda Ba Ce

Idan ka taɓa zama a ofishin fasto ranar Asabar da yamma ana rubuta tsarin sujadar gobe, ka san abin da nake shirin faɗa. Shugabar Zumuntar Mata ta aiko cewa suna da waƙa biyu. Mawaƙa sun yi mako uku suna koyon tasu. Ƙungiyar bishara ta ce makon jiya an tsallake ta. Matasa sun fito da jita da ganguna suna neman rabin sa'a ta yabo. Wani dattijo kuwa ya riga ya yi kashedi cewa muddin ba a buɗe da Littafin Waƙoƙi ba, shi bai ga an yi sujada ba. Sai mai rubutu ya ɗauki alƙalami ya shiga yanka lokaci gunduwa-gunduwa kamar mahauci a wurin watandar Kirsimati, yana lura kada kason wani ya fi na wani tsoka.

Wannan hanya kuskure ce, ni ma na bi ta shekaru da dama ina kiranta hikima. Salama nake nema, amma abin da na girbe shi ne taron ƙungiyoyi, kowace tana jiran lokacinta. Matasa su gama kiɗa su sulale bayan majami'a da wayoyinsu. Dattawa su harɗe hannu har yabo ya ƙare. Bayan baiko da doguwar sanarwa, mai wa'azi ya hau bagade rana ta take, sai a miƙo masa 'yar takarda cewa minti goma sha biyar ya rage. Maganar Allah ce kaɗai ba ta da shugaban ƙungiya da zai zo ofis ya yi mata faɗa, saboda haka ita ake yanke wa kaso.

Ikilisiyar Korinti ta san irin wannan ciwo. A 1 Korintiyawa 14:26 Bulus ya nuna cewa in sun taru kowa yakan zo da abinsa, wani waƙa, wani koyarwa, wani harshe. Ka lura bai raba musu lokaci daidai wa daida ba. Ma'auni ɗaya ya kafa, wato ginuwar ikilisiya. Da wannan ma'auni ya ƙayyade masu magana da harsuna su zama biyu, in sun yi yawa uku, ya kuma umarci mai baiwar ya yi shiru in babu mai fassara. Manzo ya iya ce wa mai baiwar Ruhu ya yi shiru. Mu kuwa muna jin tsoron ce wa mai jita ya jira mako mai zuwa.

Kada ka ɗauka ina cewa a toshe kunne ga jama'a. Akwai bukata, akwai kuma sha'awa, aikin makiyayi ne ya rarrabe su. Tsohuwar da ba ta jin Turanci, aka yi sa'a guda ana waƙa da addu'a a kanta, bukata gare ta. Bulus da kansa ya tambaya yadda mutum zai ce Amin ga godiyar da bai fahimta ba. Yaron da aka haifa a birni, wanda Hausar Littafi Mai Tsarki take yi masa nauyi, shi ma bukata gare shi. Sa'ad da Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni a kan gwaurayensu a Ayyukan Manzanni 6, manzanni ba su ce musu su yi haƙuri ba, sai aka zaɓi mutum bakwai, dukansu masu sunayen Helenanci. Shi ya sa ban ga laifin sujadar Hausa da ta Turanci a majami'a ɗaya ba. Abin da ke damuna shi ne yadda rabon harshe ya rikiɗe ya zama rabon tsara da na aljihu: ma'aikata da 'yan makaranta da safe, manoma da tsofaffi da hantsi. Uba da ɗansa suna cin tuwo a akushi ɗaya a gida, amma shekara ta zagayo ba su karɓi Jibin Ubangiji tare ba.

Ga dattawa 'yan'uwana ina da magana. Yawancin waƙoƙin da muke kira namu na gado fassara ce daga Turanci, da muryoyin ƙasar Turai da Amurka. A Ingila ma, sa'ad da Isaac Watts ya fara rubuta waƙoƙinsa, waɗanda suka saba da rera Zabura kaɗai sun ƙi su. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa sai a 1932 ya fito, kakanninmu sun karɓe shi yana sabo fil. An yi zamanin da ganga ba ta shiga majami'a a wurare da yawa, har iyayenmu mata suka shigo da tulu da caki, yau babu mai cewa baƙi ne. Don haka tsufan waƙa ba hujja ba ce. Hujjar ita ce abin da waƙar take koyarwa, a nan kuwa Littafin Waƙoƙi yana da nauyi da gaske, gama ya koya wa waɗanda ba su yi boko ba giciye da tashin matattu da begen sama.

Matasa kuma, ƙarar lasifika ba ikon Ruhu ba ce. In kun maimaita layi ɗaya sau ashirin, jama'a suna kallonku bakinsu a rufe, to wasa kuka yi musu. Kolosiyawa 3:16 ta ɗora wa dukan masu bi koyar da juna ta wurin waƙa, ba mutum shida masu riƙe da makirufo ba.

Yanzu ba na fara tsari daga ƙungiyoyi. Ranar Talata nakan kira shugabanninsu, mu karanta nassin da za a yi wa'azi a kai, sa'an nan in tambaya wa yake da waƙar da za ta buɗe wa jama'a wannan nassi. Wani mako tulun mata ne, wani mako jitar matasa, wani mako tsohuwar waƙa daga littafi da dukan jama'a a tsaye. Wanda ba shi da ita ya zauna ya rera ta ɗan'uwansa. Sanarwar da ba ta shafi kowa da kowa ba, a manna ta a allo.

Ba zan ruɗe ka cewa an yi mini tafi ba. Shugaban mawaƙa ya yi wata biyu yana gaishe ni daga nesa, wani dattijo kuma ya kai ƙarata gaban majalisar dattawa cewa na sayar da ikilisiya ga yara, a makon da yaran suke cewa na mai da su zamanin kakanninsu. Mun zauna da su duka, na buɗe 1 Korintiyawa 14, na roƙi dattijon ya karanta mana da babbar murya. Iyali ɗaya sun koma wata majami'a, har yanzu ina zuwa gaishe su.