Jarrabawar sana'a a karkarar Kano: Ƙwarewa a gareji, takarda a birni

A watan Mayun 2025 ne gwamnatin tarayyar Najeriya ta ƙaddamar da wani sabon shiri na farfaɗo da ilimin fasaha da koyon sana'a, inda ministan ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ce kashi 80 cikin ɗari na karatun zai kasance aiki da hannu, sauran kashi 20 kuma a cikin aji. An kuma yi alƙawarin karatu kyauta a kwalejojin fasaha na tarayya, tare da alawus na wata-wata ga ɗalibai.

Wannan albishir ne ga yankuna irin su Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa a arewacin jihar Kano, inda neman sana'a ya zame wa matasa dole. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya bayyana karkarar da ke kewaye da birnin Kano a matsayin yanki mai cunkoson jama'a, inda ake noma kusan kowane taƙi na ƙasa a kowace shekara. Daga wancan lokaci zuwa yau rabon gado ya ƙara yayyanka gonakin, har ta kai abin da matashi zai gada ba lallai ne ya ciyar da shi da iyalinsa daga kaka zuwa kaka ba.

To sai dai koyon sana'a daban, samun takardar da ke shaida cewa an iya ta kuma daban. A nan ne gizo ke saƙar.

Hanyoyin samun shaida

Tsohuwar hanya ita ce gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, wanda ake hawa daga mataki na uku zuwa na biyu, sannan na ɗaya. Sai kuma jarrabawar hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, mai hedkwata a birnin Benin. Ita ce ta gaji jarrabawar City and Guilds ta Ingila da makamantanta, kuma tana ba da takardar NTC ga waɗanda suka kammala kwalejojin fasaha a fannoni irin su walda da ƙere-ƙeren ƙarfe, da kanikancin mota, da haɗa wutar lantarki.

Amfanin takardar NTC shi ne ana karɓarta wajen neman shiga manyan makarantu, kamar yadda ake karɓar ta WAEC ko NECO. Ke nan yaron da ya ci ta yana iya wucewa kwalejin kimiyya da fasaha, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai horar da malaman fasaha da ke Bichi.

Amma jarrabawar na da fuska biyu. Akwai gwajin aiki, inda za a miƙa wa ɗalibi zane, a ce ya auna ƙarfe, ya yanka, ya goge, ya haɗa shi daidai da awon da aka rubuta, cikin ƙayyadadden lokaci. Akwai kuma rubutu, wanda ya haɗa da Turanci da lissafi da zanen fasaha, kuma duk da Ingilishi ake amsawa.

Wannan rabo ya yi daidai da yadda matasan yankin suka rabu gida biyu. Yaron da ya shekara biyar ko shida a wurin mai walda a bakin kasuwa yana iya ƙera amalanke ko ƙofa, ko ya kwance injin ban ruwa ya mayar, ba tare da maigidansa ya sa hannu ba. Sai dai da ido da kwatance ya koya. Idan aka ba shi zane mai ɗauke da awo na milimita, ko aka ce ya rubuta dalilin da ya sa ake zaɓar wani sandan walda a bar wani, zai iya yin cirko-cirko, alhali hannunsa ya san amsar.

Shi kuwa ɗan makaranta, ya haddace sunayen sassan inji, amma sau nawa ya kunna shi? Injin feƙe ƙarfe ba ya aiki sai da wuta, kuma kowa ya san halin da wutar lantarki ke ciki a karkara. A watan Oktoban 2024 akasarin jihohin arewa sun shafe kwanaki cikin duhu bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kunna janareta ya ƙara tsada. Ban da wuta, kowane atisaye na cin ƙarfe da sandan walda, waɗanda ba a maimaita amfani da su kamar littafi.

Akwai kuma batun lokaci, wanda ba kasafai masu tsara manufofi ke ambatonsa ba. NABTEB na gudanar da jarrabawar 'yan makaranta ne a watannin Mayu da Yuni, daidai lokacin da ake sharar gona da kai taki da jiran ruwan shuka. Zagaye na biyu, wanda masu zaman kansu ke shiga, yana zuwa a Nuwamba da Disamba, lokacin girbin dawa da haramar tafiya ci-rani. A gidan da hannu ɗaya ke da muhimmanci a gona, makonnin bita su ne na farko da ake sadaukarwa.

Gwaji a bakin aiki

Saboda irin wannan giɓi ne aka ɓullo da tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa, wato NSQ, wanda majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da shi a 2013, kuma hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE mai hedkwata a Kaduna ke sa ido a kansa.

A wannan tsari ba zauren jarrabawa ne abin dogaro ba. Mai tantancewa ne ke zuwa ya ga mutum yana aiki, ya yi masa tambayoyi, a tara hujjojin abin da ya iya, sannan wani jami'in ya sake duba hukuncin na farko kafin a ba da takarda. Akwai ma wani sashe na tsarin da ya tanadi amincewa da ƙwarewar da mutum ya riga ya samu a wajen makaranta, ta yadda wanda aka yaye a gareji ba sai ya koma aji ɗaya ba. Farfesa Idris Bugaje, wanda aka naɗa shugaban NBTE a 2021, ya sha kafa misali da masu ƙere-ƙere na kasuwar Panteka da ke Kaduna a matsayin irin mutanen da tsarin zai amfana.

A takarda dai, babu tsarin da ya fi wannan dacewa da maƙeran ƙauye. Amma Panteka kasuwa ce guda mai tara ɗimbin masu sana'a a cikin babban birni, kusa da kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna. Masu walda da kanikawan arewacin Kano kuwa a warwatse suke, biyu a wannan gari, uku a wancan. Kai mai tantancewa ga kowannensu, ba sau ɗaya ba, yana buƙatar kuɗin mota da isassun ma'aikata da aka horar, waɗanda ke jin Hausa kuma suka san sana'ar. Idan aka ce ɗalibin ne zai bi su birni, to an koma gidan jiya.

Shi kansa maigidan da ke horar da yaro yana da ta cewa. A al'adar koyon sana'a shi ke yanke hukuncin ranar yaye, kuma yaron da ya ƙware shi ne ƙarfin shagon. Ba kowane maigida ne zai yi marhabin da baƙon da zai zo ya shaida cewa yaronsa ya isa tsayawa da ƙafarsa ba, sai fa idan an fara ba shi kansa takarda da matsayi a cikin tsarin.

Daga ƙarshe, abin da iyaye ke dubawa kafin su biya kuɗin rajista shi ne inda takardar za ta kai ɗansu. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda a da ke ɗaukar masu irin wannan shaida, da dama sun rufe tun bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986. Haka kuma a 2021 majalisar dokoki ta ƙasa ta amince da ƙudurin kawar da bambanci tsakanin babbar difloma da digiri, amma wa'adin Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙare a 2023 ba tare da ya sa masa hannu ba.

Aikin da ke hannu a yanzu ya fi yawa a kusa da gida: injinan ban ruwa na masu noman rani a kewayen madatsun Watari da Thomas, da injinan niƙa da na gyaran hatsi da ke yi wa kasuwar Dawanau hidima, da famfunan da ke aiki da hasken rana. Manomin da injinsa ya tsaya ana tsakiyar ban ruwa ba ya tambayar takarda. Kamfanin da ke neman wanda zai girka masa famfuna ɗari, ko hukumar da ke ba da kwangila, su kam sai sun gani.